Enzayim ɗina ya daina aiki, an ce in tsara lambobi in huta

Assalamu alaikum. Ni ɗaliba ce a matakin digiri na biyu a fannin bayokemistiri a wata jami'a a nan Kano. Aikina shi ne in ciro enzayim ɗin feroksides, wato furotin mai hanzarta aikin sinadarai, daga dankalin Hausa, in tace shi, sannan in gwada ko zai iya rage launin ruwan rinin da masana'antu ke zubarwa. A watan farko komai ya tafi daidai, ina zuba shi sai ruwan gwajin ya rine. Daga baya bafata, wato ruwan gishirin da ke tsayar da tsamin samfuri (pH) wuri ɗaya, ta fara funfuna, sai na riƙa zuba mata sodiyam azaid kamar yadda na ga wasu na yi. Samfurin kuwa a kwalba ɗaya nake ajiye shi a firiza, in narkar in ɗiba in mayar. Yau wata 7 ke nan, wani lokaci in ga ɗan aiki, wani lokaci babu komai. Wani da ya riga ni gamawa ya ce in tsara lambobi kawai, ba mai dubawa. Baba kuma ya ce ya gaji da kuɗin sinadarai, in haƙura in nemi koyarwa, ga shi an sa ranar aurena. Ina son bincike, amma na fara zargin ko ba ni da kan abin. Ku ba ni shawara.

'Yar'uwarku daga Gwale

Wa alaikumus salam, ƙanwarmu. Kanki lafiya ƙalau. Wasiƙarki ma ta nuna kina lura da abin da hannunki ke yi, domin ke da kanki kika faɗi ranar da matsalar ta soma, ba tare da kin ankara ba. Aiki ya tafi daidai har zuwa lokacin da azaid ya shiga bafa. Daga nan za mu fara.

Feroksides furotin ne mai ɗauke da him, wato zoben nan mai ƙwayar ƙarfe ɗaya a tsakiya, irin wanda ke ba jini launinsa. A kan wannan ƙarfen ne haidurojin feroksaid, sinadarin da ake zuba wa enzayim ɗin ya yi aiki da shi, ke sauka, nan aikin gaba ɗaya yake faruwa. Azaid kuma nan ɗin yake nema ya zauna, kamar yadda sayanaid ke yi. Mafi muni, idan azaid da feroksaid suka haɗu a wurin, enzayim ɗin da kansa yake mayar da azaid wani abu da ke manne wa zoben him, ya lalata shi lalatar da ba ta gyaruwa. Masu zuba azaid a bafa ba laifi suka yi ba, furotin ɗinsu ne ba ruwansa da shi. Naki kuwa guba ne gare shi, haka ma enzayim ɗin katales da sauran danginsu masu him. Ki ajiye duk bafar da azaid ya taɓa a gefe, ki rubuta mata suna, kada ki zuba ta a magudanar sinki, kada kuma ta haɗu da asid, domin iskar da ke tashi tana kisa. Ki tambayi mai kula da ɗakin gwaji yadda suke zubar da irinta. Kwalaben ki wanke su sosai, ki ɗauraye da tataccen ruwa sau 3. Maganin funfuna a wurinki shi ne ki haɗa bafa kaɗan, kamar mililita 250, wadda za ta ƙare cikin mako guda.

Abu na biyu da muke zargi, ko da yake ba ki ambace shi ba, shi ne kwalbar feroksaid ɗinki. Yaushe aka buɗe ta? A ina take kwana? Feroksaid yana rushewa ya koma ruwa da iska a hankali, zafi da haske da ƙura suna ƙara masa sauri, kuma a bazarar Kano da zafi ke haura digiri 40, kwalbar da ke kan kanta tana iya zama kusan ruwa alhali takardar jikinta na nan tana cewa kashi 30 cikin 100. Auna ta ba ya cin minti 10. Sabon feroksaid mai kashi 30 yana kusa da mola 9 zuwa 10. Ki sirka shi sau 1000, ki karanta a na'urar auna haske a nanomita 240, ki raba abin da kika samu da 43.6, amsar ita ce ƙarfin sirkakken a mola, ki ninka ta da 1000 ki samu na kwalbar. Mai lafiya zai ba ki karatun kusan 0.4 a na'urar, kafin rabawa. Idan kika ga 0.2, rabi ya tafi. Sharaɗin shi ne kubet ɗin, wato ɗan mazubin da ake saka samfuri a na'urar, ya zama na kwaz, domin na roba da na gilashi suna shanye wannan hasken kafin ya isa samfurin. In fitilar wannan zangon ta mutu a na'urarku, ki auna da fotasiyam famanganet cikin asid, tsohuwar hanya ce amma ba ta ƙarya. Wanda za ki yi aiki da shi kullum ki sirka sabo, a kwalba mai duhu, a cikin ƙanƙara.

Mun fara da sinadarai ne saboda feroksides na tsirrai ba rago ba ne. Yana cikin enzayim masu jure zafi, har masu sarrafa kayan lambu da shi suke gane ko turarawarsu ta isa: in shi ya mutu, sauran sun daɗe da mutuwa. Don haka idan ya ɓace gaba ɗaya, kafin a ce ya mutu a fara tambayar abin da aka ba shi.

Duk da haka firizarki ma tana da hannu. Kwalba ɗaya da ake narkarwa a mayar tana cin duka sau biyu, wanda kika yi da hannunki da wanda ɗauke wuta ke yi da dare ba ki sani ba. Duk daskarewa tana tattara gishiri da furotin a ɗan ruwan da ya rage, kuma bafar sodiyam fosfet tana da wani hali: yayin da take daskarewa, ɗaya daga cikin gishirinta yana riga ɗayan fita, sai pH ya faɗo daga 7 zuwa wajen 4. A irin wannan tsamin him yana fara sakin furotin. Ki koma fotasiyam fosfet, ba ta yin wannan faɗuwar sosai. Ki raba samfurin a ƙananan bututu, rabin mililita kowanne, wanda aka narkar ba ya komawa. Wanda ya fi wannan dacewa da halin wutarmu shi ne ki gauraya shi da gilisarol rabi da rabi, domin a haka ba ya daskarewa a firiza, zuwan wuta da tafiyarta ba sa karya shi, sai dai ki tuna kin sirka shi sau 2 a lissafi. Kina son sanin abin da firizar ke yi bayan kin tafi gida? Ki daskarar da ruwa a ƙaramin kofi, ki ɗora kwandala a kai. Ranar da kika tarar da ita ta nutse zuwa tsakiya ko ƙasa, an narke an sake daskarewa. Akwai kuma hanyar da ba ta buƙatar firiza ko kaɗan: furotin da aka kwantar da amoniyam salfet, aka bar shi cikin ruwan gishirin, yana yin makonni a firji, ko a kula mai ƙanƙara da ɗan ruwa.

Samfurin da ke hannunki yanzu, ki haƙura da shi. Mun san da ciwo, amma dankali ba ya tsada, kuma sabon cirowa kwana 2 ne.

Ki sayi dankali iri ɗaya, a wurin mutum ɗaya, a Yankaba ko duk inda ya fi miki kusa, ki rubuta launin bawonsa da na cikinsa da ranar saye, domin fari da ja ba ƙarfinsu ɗaya ba, haka sabon haƙa da wanda ya kwana biyu a buhu. Giram 100 a cikin mililita 200 na bafa mai sanyi, milimola 100, pH 6.5 zuwa 7. Kofin bilenda ma ya kwana a firji. Ki markaɗa sau 3, daƙiƙa 20 kowanne, da hutawa a tsakani don kada injin ya ɗumama shi. Kin san yadda dankali ke yin baƙi in an yanka an bari. Wani enzayim ne daban ke yin wannan, yana mayar da sinadaran finol abin da ke manne wa furotin, kuma launin da yake kawowa yana ruɗa na'ura. Ki zuba garin PVPP giram 2 zuwa 4 tun kafin markaɗe, shi yake kama su. Wasu za su ce ki sa bitamin C. Yana hana baƙin, amma yana goge launin gwajinki yayin da yake fitowa, sai ki ga daƙiƙoƙi na wucewa na'ura ba ta motsa ba, ki ɗauka babu enzayim. EDTA ma ki bar shi, domin feroksides na tsirrai yana riƙe da ƙwayar kalsiyam 2 da ke tallafe da siffarsa, EDTA kuwa aikinsa ƙwace irin waɗannan. Ki tace da ƙyalle mai tsabta irin na tatar koko, ninki 4, sannan santirifuj, na'urar da ke juya bututu da gudu don gudaji su kwanta, na minti 20. In taku ba mai sanyaya ba ce, ki sanyaya bututun tukuna, ki juya minti 5, ki mayar cikin ƙanƙara, ki sake.

Wajen amoniyam salfet a nan ɗalibai da yawa ke zubar da enzayim ɗinsu a sinki da hannunsu. Teburin da ke littattafai iri biyu ne, na digiri 0 da na digiri 25, ki tabbata wanda kike bi ya dace da sanyin da kike aiki a kai. A cikin ƙanƙara, daga 0 zuwa kashi 40 na iyakar gishirin da ruwan zai iya narkarwa giram 226 ne a kowace lita, daga 40 zuwa 80 kuma ƙarin giram 258. Ki niƙa gishirin ya yi laushi, ki riƙa barbaɗawa kaɗan-kaɗan kina juyawa a hankali na tsawon rabin awa. Kumfa alama ce ta furotin da ke warwarewa, in kin gan ta ki rage sauri. Bayan santirifuj kada ki zubar da komai, ruwan sama ko abin da ya kwanta a ƙasa, sai kin gwada shi. Bayan nan dayalisis, wato cire gishirin ta jaka mai ƙananan ƙofofi, cikin bafa mai yawa, a canza ta sau 3, kafin ki auna furotin, musamman in hanyar Lowry kike bi, domin gishirin yana ɓata ta.

Shi gwajin kansa, ga haɗin da zai ba ki mililita 3: bafa mai milimola 50 a pH 6 mililita 2.4, gwayakol, sinadarin da ke ba da launin, mai milimola 100 mililita 0.45, samfuri mililita 0.05, sai a ƙarshe feroksaid mai milimola 60 mililita 0.1. Ki rufe bakin kubet ki kifa sau 2, ki saka a nanomita 470, ki rubuta karatu duk daƙiƙa 15 har minti 2. Za ki ga ruwan yana ɗaukar launi irin na goron da aka tauna. Farkon layin kawai ake amfani da shi, inda yake miƙe, domin launin yana dusashewa daga baya. Idan ƙaruwar ta zama 0.20 a minti, sai ki ninka da 3, yawan haɗin, ki raba da 26.6, lambar shan hasken launin, sau 0.05, yawan samfurin, ki samu kusan yunit 0.45 a kowace mililita. In launi ya turnuƙe cikin daƙiƙa 10, samfurin ne ya yi ƙarfi, ki sirka shi sau 10 ko 50. Kada ki ƙara feroksaid da tunanin yawa zai ƙara aiki, in ya yi yawa shi ma kashe enzayim ɗin yake. Zafin gwajin kuma ki tsayar da shi wuri ɗaya. Tukunyar ɗumama ruwa ba ta iya sanyayawa, saboda haka digiri 25 da kike gani a takardun Turai ba zai samu ba a watan Afrilu. Ki zaɓi 30 ko 35, ki rubuta a aikinki, ki tsaya a kai ko da hunturu ne. Rashin wannan kaɗai ya isa ya sa lambar safe ta bambanta da ta azahar.

Kowace rana kafin ki taɓa samfurinki, ki yi gwaji 3 na tabbatarwa. Ɗaya babu enzayim, ɗaya da samfurin da aka tafasa minti 10 aka gwada nan take, domin feroksides yana iya ɗan farfaɗowa in ya huce ya daɗe. Na ukun shi ne mai cetonki: ki daka ɗan sabon kabeji ko ɓallin dankali, ki ɗiga ruwansa. In shi ma bai ba da launi ba, sinadaranki ne suka lalace. In ya bayar naki bai bayar ba, samfurin ne. Da wannan gwajin na minti 5, watanni 6 ɗin nan da sun zama yini guda. Yayin da tacewa ke ci gaba kuma, ki riƙa duba shan haske a nanomita 403, inda him ke bayyana, ki raba da na 275. A ɗanyen ruwa lambar ƙarama ce ƙwarai, tana hawa yayin da ake tsarkake shi, tataccen feroksides irin na kasuwa yana kaiwa wajen 3.

Sai maganar tsara lambobi. Kada ki yi. Ba don tsoron kamu kaɗai ba, ko da yake ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma mai jarrabawar da ya taɓa riƙe fifet, bututun awon ruwa a ɗakin gwaji, yana gane maimaici ukun da suka yi kyau fiye da kima. Babbar ɓarnar ita ce wata ɗaliba za ta zo bayanki ta ɗauki kundinki, ta bi shi wata 7 tana zargin kanta kamar yadda kike yi yanzu. Ke kuma za ki fita da takarda amma babu hannu, duk inda aka miƙa miki samfuri sai gabanki ya faɗi. Wanda ya ba ki shawarar ki gode masa, ki bar zancen nan. Watannin da suka wuce ma ba asara ba ce gaba ɗaya: tasirin azaid da na daskarewa a kan enzayim ɗinki, in kika maimaita su da gangan da awo, sashe ne mai kyau a kundinki.

Malaminki ki same shi da takarda ɗaya, ba da kuka ba. Ranar da azaid ya shiga, ƙarfin feroksaid da kika auna, sakamakon kabeji, da jadawalin makonni 10 zuwa 12. A nan ne za ki roƙe shi a rage faɗin aikin. Ruwan da ke fitowa daga masana'antun Sharaɗa da Challawa da Bompai gauraye ne, na majemu kuwa yana ɗauke da kuromiyam da salfaid, salfaid ɗin ma yana kama ƙarfen him kamar azaid. Ki fara da rini ɗaya sananne a tataccen ruwa, ki nemo pH da zafi da yawan feroksaid da suka fi, sannan ki gwada ruwan masana'anta guda 1 a ƙarshe, a sirke. Wannan ya isa digiri na biyu. In malamin ya yarda a kwatanta da wani tushe, bawon waken soya yana da feroksides mai jure zafi sosai, kuma abu ne da ake zubarwa.

Baba kuwa yana da gaskiyarsa. Wata 7 yana fitar da kuɗi bai ga ƙarshe ba, kowane uba zai gaji. Abin da zai kwantar masa da hankali shi ne rana da adadi. Ki rubuta abin da ya rage a saya, wanda bai wuce ƙaramar kwalbar feroksaid, PVPP, gilisarol, jakar dayalisis da kuɗin ƙanƙara ba, ki nemi 'yan ajinki ku haɗa kuɗi a kan abin da kuke tarayya. Ki kai masa bayan kin samu launi sau 3 a jere, ki ce, "Baba, na gano inda matsalar take, ina roƙon wata 3." In akwai nauyi, Umma ko wani kawu da yake jin maganarsa ya shiga gaba. Wanda zai aure ki ma ki gaya masa tun yanzu, a fili, cewa akwai ranakun da za ki wuni a ɗakin gwaji, kuma kina da niyyar ci gaba. A yi ƙoƙari aikin benci, wato na ɗakin gwaji, ya ƙare kafin biki, rubutu ana iya yin sa a ɗaki. Koyarwar da Baba ya kawo kuma ba kishiyar bincike ba ce. Yawancin masu bincike a ƙasar nan malaman manyan makarantu ne, kuma tallafin TETFund na ƙaro karatu ma'aikatan irin waɗannan makarantu na gwamnati yake bi. Akwai kuma guraben tallafin karatu na Commonwealth da DAAD ta Jamus da TWAS, dukkansu suna son ganin aiki mai tsabta da wasiƙar malamin da ya yarda da hannunki. Aikin ɗakin gwajin asibiti yana da hukumarsa da lasisinsa daban, digirin bayokemistiri shi kaɗai ba ya ba da shi, gara ki san wannan tun da wuri.

Fannin da kika shiga kuwa yana da faɗi, kuma rabin tambayoyinsa a ƙofar gidanmu suke. Sikila sauyin amino asid ɗaya ce a wuri na 6 na sarƙar beta ta himoglobin, Najeriya kuma ta fi kowace ƙasa yawan masu ita. Ƙwayar zazzaɓin cizon sauro himoglobin take ci, him ɗin da ya rage guba ne gare ta, sai ta dunƙule shi ta ajiye, maganin kulorokwin yana hana wannan dunƙulewar ne, maganin atimisinin kuma ƙarfen him ne ke tayar da shi. A hanta akwai dangin enzayim ɗin saitokurom P450, waɗanda Omura da Sato suka bayyana a farkon shekarun 1960, su ke sarrafa yawancin magungunan da muke sha, kuma yadda jiƙe-jiƙen gargajiya ke taɓa su tambaya ce da ta shafi kowane gida a Kano. Feroksides ɗin da kike fama da shi ma yana cikin kayan gwajin sukari da asibitoci ke amfani da su kullum. Duk waɗannan da hannu ɗaya ake yin su: riƙe furotin da sanyi, auna sinadari kafin a yarda da shi, karanta farkon layi, da littafin benci mai kwanan wata wanda ba a yage masa shafi.

Gobe in Allah ya kai mu, kafin ki sayi komai, ki haɗa sabuwar bafa mililita 100 babu azaid, ki ari feroksaid kaɗan daga kwalbar da ba a daɗe da buɗewa ba, ki tsaya wurin mai kayan miya ki karɓi ɓallin kabeji. Ki gwada shi da tsohuwar bafa da sabuwa, da tsohon feroksaid da sabo, gwaji 4 ke nan. Ki rubuto mana lambobin yadda suka fito, mu duba tare. Allah ya ba da sa'a, ya sanya albarka a karatun da auren.